Daga kara zuwa kitse: Ƙananan kayan aikin da ke rage wa masu kiwo wahala a Dogon Dutsi da Tibiri

A ƙasar Arewa, wato gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri da ke jihar Dosso a Jamhuriyar Nijar, ruwan sama ba ya wuce wata uku zuwa huɗu a shekara. Ita kuwa dabba ba ruwanta da rani, kullum sai ta ci ta sha. Abin da mai kiwo ya yi a sauran watannin takwas shi ke nuna ko zai kai ragonsa kasuwa da ƙiba, ko kuwa zai karyar da shi don gudun kada ya mutu a turke.

An daɗe ana kallon matsalar a matsayin ƙarancin abincin dabbobi, kuma ƙarancin gaskiya ne. Bayan daminar 2021, hukumomin Nijar sun bayyana cewa giɓin ciyawar da dabbobin ƙasar ke buƙata ya haura tan miliyan 15. Sai dai duk wanda ya leƙa garken gida a watan Maris ko Afrilu zai ga matsala ta biyu. Karan da aka sha wahalar tarawa, dabbobi na tsince ganyensa su bar sandar, su tattake ta, su yi mata fitsari. Abincin ya zo gida, amma bai shiga cikin dabba ba.

A nan ne ƙananan kayan aiki suke da tasiri: injin sarar kara, komin cin abinci da aka yi da rabin ganga, akwatin ɗaure ciyawa, amalanken jaki, da famfon da ake takawa da ƙafa. Babu na zamani sosai a cikinsu. Amfaninsu shi ne mai walda na gari zai iya ƙera su, kuma idan sun lalace zai iya gyara su.

Hannuwa sun yi kaɗan

Kiwo a Arewa iri biyu ne. Akwai na Fulani da Buzaye masu bin burtali da garken shanu da tumaki, akwai kuma kiwon gida, inda manomi ko matarsa ke ɗaure rago ɗaya ko biyu, ko sa, a yi ta ba shi abinci har ya yi ƙiba a sayar, musamman idan Babbar Sallah ta gabato. Wannan kiwon na turke shi ne asusun iyali. Da shi ake sayen hatsi idan rumbu ya ƙare, da shi ake aurar da ’ya’ya, da shi ake biyan kuɗin magani.

Aikinsa kuwa ba ya ƙarewa: sarar kara, jiƙa dusa, ɗebo ruwa, share turke. Kuma yana faɗowa ne daidai lokacin da majiya ƙarfi ba sa nan. Da an gama girbi, samari daga Matankari da Kiyeshe da Ɗan Kasari da Dumega da Kore Mai Ruwa kan kama hanyar cirani, wasu Yamai, wasu Sakkwato da Legas, wasu Kwatano da Abijan, wasu har Libiya da Aljeriya. Ragon da ɗan cirani ya aiko kuɗi aka saya, mahaifiyarsa ko matarsa ko ƙannensa ’yan makaranta ne za su yi ɗawainiya da shi.

Matsalar tsaro ta ƙara wa aikin nauyi. A watan Yunin 2024 an kashe sojoji shida da ke gadin bututun man fetur a yankin Tibiri, sannan a watan Nuwambar shekarar, a tsallaken iyaka, mutanen Mera da ke ƙaramar hukumar Augie a jihar Kebbi suka rasa ’yan’uwansu a arangama da Lakurawa kan shanun da aka kora. Idan daji ya zama abin tsoro, dabbobi na komawa kusa da gida, kuma duk abin da a da suke nema da bakinsu sai an kawo musu da hannu.

Injin sarar kara

Karan gero da na dawa su ne abincin rani mafi yawa a Arewa. Bayan girbi ana ɗaure su dami-dami a jibge a kan rumfa, ko rufin ɗaki, ko a tsakanin rassan gawo. Matsalarsu ita ce tauri. Tunkiya da akuya ba sa iya cin sandar, saniya ma sai yunwa ta matsa mata.

Cibiyar binciken aikin gona ta Nijar, INRAN, ta daɗe tana aiki kan wannan. Masu bincikenta, ciki har da Dakta Abdou Dan Gomma, sun yaɗa amfani da injin da ke sara da niƙa kara, kuma ana ƙera irinsa a cibiyar CDARMA da ke birnin Dosso, kusan kilomita 140 daga Dogon Dutsi. CDARMA na cikin tsofaffin cibiyoyin ƙera kayan noma na ƙasar, tare da ACREMA ta Tawa da UCOMA ta Damagaram. Shirin bunƙasa noma na Afirka ta Yamma da Bankin Duniya ya ɗauki nauyi, wanda a Nijar aka fi sani da PPAAO, ya taimaka wajen kai injin ga ƙungiyoyin masu kiwo.

Ƙirar injin ba ta da wuyar fahimta. Akwai baki da ake cusa kara. A ciki akwai faifan ƙarfe mai ɗauke da wuƙaƙe da ’yan gudumomi, yana juyawa da gudu. Wuƙaƙen su sara, gudumomin su farfasa, sannan a ƙasa akwai rariyar ƙarfe wadda ba abin da zai wuce ta sai ya kai ƙanƙantar hudojinta. Idan ana son gari mai laushi a sa rariya mai ƙananan hudoji, idan ana son mai gwari-gwari a canza ta. Abin da ke juya faifan shi ne bel da aka haɗa da inji mai shan gas ko fetur, irin wanda masu niƙan hatsi suka saba da shi.

Saukin ƙirar ne ya sa masu walda a garuruwan Nijar da arewacin Najeriya ke kwaikwayonta. Gangar jikin falankin ƙarfe ce, wuƙaƙen ana iya fitar da su daga tsohon sifirin mota, boris da bel kuwa ana samun su wajen masu kayan injin niƙa. Wanda ya iya haɗa amalanke da ƙofar ƙarfe, idan ya samu ma’auni daidai, zai iya haɗa wannan.

Akwai abu guda da ya kamata mai saye ya sani tun farko: niƙa ba ta ƙara wa kara sinadari. Karan gero busasshe ba shi da sinadarin gina jiki sosai, yawanci bai kai kashi biyar cikin ɗari ba, alhali tumbin dabba na buƙatar kimanin kashi bakwai kafin ya narkar da abinci yadda ya kamata. Abin da injin ke yi shi ne hana zaɓe da ɓarna, da kuma ba da damar a cakuɗa karan da abin da ya fi shi: harawar wake ko ta gyaɗa, kowar wake, ’ya’yan gawo, ’ya’yan kalgo, dusa. Damin da a da ake zubar da sandarsa yanzu duka yake shiga cikin dabba, kuma harawa kaɗan ta isa ta ja kara mai yawa.

Ba a kuma so a mayar da karan gari kamar na tuwo. Shanu da tumaki dabbobi ne masu tuƙa, suna buƙatar abin da haƙori zai kama. Garin da ya yi laushi ainun yana tashi ya shiga hanci, shi ya sa ake yayyafa masa ruwan gishiri ko na kanwa kafin a zuba.

Ba dole sai da inji ba

Mai rago biyu ba ya buƙatar injin kansa. Abu na farko da zai rage masa asara shi ne ya daina zuba abinci a ƙasa. Ganga ɗaya idan aka tsaga ta biyu a tsaye, aka lanƙwashe bakin don kada ya yanki dabba, aka yi mata ƙafafu, an samu komi biyu. Tsohuwar tayar mota da aka yanke aka juya cikinta waje tana yin aikin, haka ma jarkar mai da aka yanke gefenta. Idan aka gitta sanduna a saman komin yadda dabba za ta zura kai kawai, ba za ta shiga da ƙafa ba, ba kuma za ta watsar da abincin ba.

Ga sara kuwa, akwai dabarar da ta fi adda da gungume sauƙi. Ana samun doguwar wuƙa mai kauri, a huda ƙarshenta a ɗaure da ƙusa mai noti a jikin benci, ɗaya ƙarshen a sa masa doguwar ƙota. Mutum ɗaya na tura kara, yana danna ƙotar. Tsawon ƙotar ne ke yin aikin da damtse ke yi, don haka mace ko dattijo na iya sare abincin yini ba tare da ciwon kafaɗa ba. Maƙerin kasuwa na iya haɗa ta a yini guda.

Sai ciyawa. A ƙarshen damina dajin Arewa na cika da kyasuwa da burburwa da gadagi, amma yawancin mutane ba sa waiwayarsu sai sun bushe a tsaye sun zama yayi, lokacin da amfaninsu ya riga ya ragu. Ciyawar da aka yanka tana fara fure, aka shanya ta kwana biyu zuwa uku, aka ajiye ta a inuwa ba a kan ƙasa ba, tana riƙe korenta da ƙarfinta har bazara. Abin da ke hana mutane shi ne lokacin ya zo daidai da girbin gero da wake, ga kuma wurin ajiya.

Akwatin ɗaure ciyawa na rage matsala ta biyun. Akwati ne na katako ko na ƙarfe marar gindi. Ana shimfiɗa igiya biyu a ciki, a zuba ciyawa, a hau a tattake, a ƙara, a sake tattakewa har ya cika, a ɗaure igiyoyin, a ɗaga akwatin. Abin da zai fito ƙunshi ne mai kusurwa huɗu wanda ake jerawa kamar tubali. Masu kiwo a Kenya da Burkina Faso sun daɗe suna amfani da shi. Ɗaki ɗaya zai ɗauki abin da a da sai rumfa biyu, amalanke zai ɗauki fiye da da, kuma mai shi ya san adadin abin da ya ajiye, ya san kwana nawa zai kai shi.

Dunƙulen abinci da takin yuriya

Daga niƙaƙƙen kara ne INRAN ta fitar da dunƙulen abincin dabbobi da ma’aikatan kiwo ke kira BMND. Ana haɗa garin kara da ’ya’yan gawo da dusar alkama da ƙuli-ƙulin auduga da gishiri da ma’adinai irin su farar ƙasar Malbaza da fosfat na Tawa, a sa abin da zai kama su, kamar kunun garin rogo ko ƙaro, a zuba a mazubin ƙarfe, a danne, a shanya. Idan ya bushe yana daɗewa bai lalace ba, yana da sauƙin ɗauka, kuma ana iya sayar da shi ɗaya-ɗaya. Mazubin ma aikin mai walda ne: guntun bututu da marfin dannawa.

Arewa na da yawancin kayan haɗin a kusa. Kwarin Dallol Mawri, wanda ya ratsa gundumomin biyu daga arewa zuwa kudu, cike yake da gawo, itacen da ke zubar da ’ya’yansa a tsakiyar rani. Gishirin Foga na fitowa ne daga kudancin jihar Dosso. Har garmani, ciyawar da ta mamaye makiyaya da burtulla wadda dabbobi ba sa son ta ɗanya, masu bincike a Nijar sun gwada busar da ita da niƙa ta a sa a cikin dunƙulen.

Hanya ta biyu ta ƙara wa kara daraja ita ce takin yuriya, kuma an daɗe ana koyar da ita a Nijar. Ma’aunin da aka saba shi ne kilo 5 na yuriya a narkar a lita 50 ta ruwa, a yayyafa wa kilo 100 na busasshen kara ko ciyawa. Ana yi ne hawa-hawa a cikin rami ko rumbun laka: a shimfiɗa, a yayyafa, a tattake, a ƙara. Sai a rufe ruf da leda ko laka yadda iska ba za ta shiga ba, a bar shi mako biyu zuwa uku a lokacin zafi. A ciki takin na rikiɗa ya zama iskar da ke tausasa karan, ya kuma ƙara masa abin gina jiki.

Wannan hanya tana da ƙa’ida, kuma saɓa mata kisa ne. Yuriya guba ce idan dabba ta ci ta kai tsaye ko ta sha ruwanta. Abin da aka ɗebo daga ramin sai an baza shi ya sha iska warin ya fita, a fara ba dabba kaɗan-kaɗan har ta saba. Ba a ba jaki ko doki, ba a kuma ba ɗan da bai fara tuƙa ba. Wanda bai taɓa yi ba, gara ya nemi ma’aikacin kiwo na ƙaramar hukumarsa ya tsaya a kansa a karon farko.

Ruwa: kwari daban, tudu daban

Shayar da dabbobi na cin lokaci fiye da kowane aiki, kuma a Arewa wahalarsa ta danganta da inda mutum yake. A cikin kwarin dallol ruwa na kusa, shi ya sa noman rani ya kankama har Dogon Dutsi ta yi suna da dankalin turawa. A irin wannan ƙasa mai yashi ana haƙa rijiyar burtsatse da hannu, a zura bututun roba, ba sai an kira babbar mota ba. Tun ƙarshen shekarun 1990 aka yaɗa famfon takawa da ƙafa mai suna Niyya da Ƙoƙari, wanda masu walda na cikin ƙasa aka koya wa ƙerawa. An yi shi ne don lambu, amma mai lambun da ke da tumaki ya san amfaninsa biyu ne: ya cika komi, ya kuma shayar da ɗan filin harawa.

A kan tudu kuwa, rijiyoyi na da zurfi, famfon ƙafa ba ya kai wa. Can dabarar ita ce a kafa ƙarafa a bakin rijiya, a rataya faifan da igiya ke bi ta kansa, a ɗaura wa jaki ko sa ko raƙumi ya ja wasaki. Faifan itace na cinye igiya, yana kuma da nauyin ja. Wanda aka yi da ƙarfe aka sa masa boris, ko da daga tsohon gargaren babur ne, yana sauƙaƙa wa dabbar da mai ita. Idan aka haɗa bakin rijiyar da komi ta hanyar ’yar magudanar siminti, an huta da ɗaukar guga zuwa wurin dabbobi, an kuma rage caɓin da ke lalata bakin rijiya.

Duk waɗannan ayyuka, daga kwaso kara zuwa ɗebo ruwa zuwa kai taki gona, a kan amalanke suke tafiya. Shi ne kayan aikin da maƙeran Nijar suka fi ƙwarewa a kai, kuma shi ne hujjar cewa abin da mutane suka ga amfaninsa ba ya jiran wani shiri ya raba musu. Ganga biyu a kan amalanken jaki sun maye gurbin sawu da yawa na mace da tulu. Akwai ma garmar jaki mai suna HATA, wadda masu bincike na jami’ar Hohenheim ta Jamus suka ƙera a Nijar bisa tsarin hauyar tsaye, don noma a ƙasa mai yashi. Darajar jakin ce ta sa Nijar ta hana fitar da shi waje a 2016, sannan Tarayyar Afirka ta amince da hana yanka jakuna don fatarsu a watan Fabrairun 2024.

Inda gizo ke saƙar

Matsala ta farko ita ce mai. Shekara da shekaru garuruwan bakin iyaka sun dogara da fetur ɗin Najeriya da ake kira ruwa-ruwa. Da Shugaba Bola Tinubu ya cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, arahar ta tafi. Wata biyu bayan haka aka yi juyin mulki a Yamai, aka rufe iyaka har zuwa Maris ɗin 2024, kuma dusa da kayan gyaran inji da ke shigowa ta Kebbi da Sakkwato suka yi wuya. Duk injin da zai sha mai, dole a lissafa da irin waɗannan ranakun.

Ta biyu ita ce mallaka. Ƙauyukan Sahel cike suke da injunan da wani shiri ya kawo, aka yi bikin miƙawa, bel ya tsinke ko boris ya mutu, aka rasa wanda zai cire kuɗi daga aljihunsa. Injin da ke da mai shi guda, wanda ke karɓar ladan niƙa kamar yadda mai injin hatsi ke yi, ya fi daɗewa. Na ƙungiya ma na iya ɗorewa, amma sai an ware kuɗin gyara daga kowane buhu da aka niƙa, an kuma san wanda ke riƙe da makulli.

Ta uku ita ce haɗari. Injin da aka haɗa a bakin titi sau da yawa ba shi da murfi a kan bel, bakinsa kuma gajere ne yadda hannu zai iya kai wa wuƙa. Babbar riga, gyale ko hijabi na iya naɗewa a bel cikin ƙiftawar ido. Faifan da bai daidaita ba yana girgiza har ya tsinke noti. Mai saye na da haƙƙin ya ce a tsawaita bakin, a rufe bel, a kuma tayar da injin a gabansa ya ga yadda yake gudu kafin ya biya. Ƙurar kara ma na cutar da ƙirji, don haka a yi aikin a fili, a rufe hanci.

Ta huɗu ta fi sauran zurfi. Karan da ake kwashewa zuwa gida, a da shi ne makiyaya ke samu idan an saki gonaki, su kuma su bar wa manomi taki. Shi ne kuma ke rufe ƙasa ya hana iskar bazara kwashe ta. Dokar makiyaya ta Nijar ta 2010 ta tanadi ƙa’idoji kan kwasar ciyawa da kuma sakin gonaki, saboda an ga yadda abin ke jawo rikici. Idan injin ya sa kara ya zama kuɗi, kwaɗayin share gona ƙaf zai ƙaru. Amsar da ta fi dacewa tana cikin injin kansa: tunda dami ɗaya yanzu na yin aikin da ya fi na da, ana iya barin wani kaso a gona, a kuma mayar da takin turke can da amalanke.

Lissafin ɗan cirani

Ga matashin da ke Yamai ko Legas ko Tiripoli yana tunanin abin da zai aika gida, al’ada ita ce a sayi rago. Amma rago ba tare da abinci da hannun da zai kula da shi ba, nauyi ne aka ƙara wa na gida. Kasuwa ma ba ta da tabbas. A watan Mayun 2025, ana dab da Babbar Sallah, gwamnatin Nijar ta dakatar da fitar da dabbobi waje don farashi ya sauka a cikin gida, matakin da ya shafi masu kai dabbobi kasuwannin da dillalan Najeriya ke zuwa, irin su ta Fadama da ke yankin Gesheme. Mai kiwo ba shi da iko da farashin da zai sayar. Abin da ke hannunsa shi ne kuɗin da zai kashe kafin ya kai dabbar kasuwa.

Shi ya sa tsarin ya fi kyau ya fara daga ƙasa. Komi da rumfar ajiya tukuna, domin su ne mafi araha kuma su ke tsayar da ɓarna. Sai wuƙar benci da akwatin ciyawa. Sai amalanke, wanda ban da aikin gida yana kawo kuɗin haya. Injin sarar kara shi ne na ƙarshe, kuma ba don ragunan gida kaɗai ba. Sana’a ce ta wanda zai ɗora shi a amalanke ya bi ƙauyuka da kasuwanni yana niƙa wa mutane, wato aikin rani ga ƙanen da ba don haka ba shi ma da ya kama hanya.

Kafin a biya kuɗin inji akwai tambayoyin da ya kamata a samu amsarsu. Gidaje nawa ne a kewayen ke kiwon turke, kuma za su biya ladan niƙa? Idan bel ko boris ko rariya ta lalace, ana samun ta a Dogon Dutsi ko Tibiri, ko sai an je Dosso ko Birnin Ƙonni? Wanda ya ƙera shi yana kusa, zai zo idan an kira shi? Wa zai riƙa tayar da shi, kuma an koya masa?

Akwai wuraren neman shawara ba tare da an biya ɗan tsakani ba. Ƙungiyar majalisun manoma ta ƙasa, RECA, na wallafa takardun bayani kan kiwon turke da dunƙulen abinci, tana kuma da cibiyar amsa tambayoyin manoma ta waya da WhatsApp cikin Hausa da Zabarmanci. Akwai majalisar manoma ta jihar Dosso, da ofisoshin kiwo na gundumomi, da cibiyoyin koyon sana’a na ƙananan hukumomi inda ake koyar da walda. Shirin Kiyo Arziki da ƙasar Beljiyam ta tallafa wa ya yi aiki da masu kiwo a jihohin Dosso da Tawa, don haka akwai waɗanda suka riga suka samu horo a yankin.

Lokaci ma na cikin lissafin. Ciyawa a watan Satumba ake yanka ta, kara da harawa a Oktoba da Nuwamba ake tara su, lokacin da suke da araha. Wanda ya jira sai Afrilu, sa’ad da damin harawa ya yi tsada kuma dabbobi sun fara ramewa, ya makara. Kuɗin komi da akwati da rumfa kamata ya yi su isa gida tun gero na tsaye a gona, a kuma ba mai walda aikin kafin masu gyaran amalanke su cika masa rumfa.